Hatimin Malama Qiu da Tashar Kan Dutse

Shekara talatin da ɗaya Qiu Shulan ta yi a kan teburi ɗaya, a ɗakin karatun wata jami'a a Wuhan, aikinta ƙirga. Duk malamin da ke neman ƙarin girma sai ya biyo ta gabanta, ta duba sau nawa wasu masana suka ambaci rubutunsa, da su wa ya haɗa hannu, sannan ta buga jan hatiminta. Ba hatimi, ba magana. Farfesoshi masu furfura kan yi tsuru-tsuru a gabanta, ita kuwa tana ta cin taliyarta mai riɗi.

Tana da wata ɗabi'a da ake tsokanarta a kai. Takardar bincike daga gindi take fara karanta ta, wurin 'yan layukan godiya da ba mai kallo. Wai a nan ake gane ɗan halak.

Saura wata huɗu ta yi ritaya Tsoho Tan ya shigo, takalminsa duk taɓo. Shi ne mai kula da tashar Lingjiao, wani ginshiƙin siminti a kan dutse bayan gari, da eriya a samansa kamar kwano a kife, tana karɓar saƙon taurarin ɗan adam. Da irin waɗannan tashoshi ake auna wuri a doron ƙasa daidai-wa-daida. Shekara ashirin da shida yana sare rassan da ke tare wa eriyar sama, yana share mata ƙanƙara, yana tabbatar da ginshiƙin bai gusa ko da ƙwayar gero ba. Yanzu kwamitin jami'ar, wadda tashar ke ƙarƙashinta, zai rufe duk sashen da ba a ambatonsa, nan da kwana goma. Ya roƙi Malama Qiu ta ƙirga masa nasa.

Ta sa sunansa a kwamfuta. Sifili. Ina zai samu ambato, mutumin da bai taɓa rubuta takarda ba? Ya yi godiya, ya juya ya fita, abin ya tsaya mata a rai. Lingjiao kuma, ai ta sha ganin sunan nan a gindin takardu.

Kwamfuta ba ta ƙirga godiya, don haka ta ƙirga da hannu. Kwana takwas tana buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya. Ta manna ƙatuwar farar takarda a bango, ta ɗiga tashar a tsakiya, duk wanda ya yi aiki da bayananta ta ja layi zuwa gare shi. Masu auna motsin ƙasa bayan girgiza a Japan, masu saita jiragen ruwa a Norway, masu hasashen damina a Brazil, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, duk layinsu ya zo ya ƙare a dutsen nan. Takarda dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Ta ja da baya ta kalli bangon. A duk shekarunta ba ta taɓa ƙirga wa wani farfesa irin wannan ba.

Doka ta ce abin da kwamfuta ta ƙirga kaɗai ake buga wa hatimi. Ta buga abinta a kan ƙirgen da ta yi da hannu. Da Farfesa Lou, shugaban kwamiti, ya yi ƙorafi, sai ta nuna masa layuka goma sha bakwai da suka fito daga takardunsa shi kansa. Aka bar tashar.

Ranar da Tsoho Tan ya dawo, ya daɗe tsaye a gaban bangon, hularsa a hannu. Don ta faranta masa, ta karanta masa abin da wasu masana a Chile suka rubuta: a shekara ashirin da shida, kwana tara kacal bayanan Lingjiao suka taɓa yankewa, a wani watan Janairu.

Ya nemi kujera ya zauna.

"Sun lura?" ya ce. "Malama Qiu, lokacin ne na binne matata. Da na dawo na tarar wuta ta ɗauke. Ni na ɗauka ba wanda ya san ba na nan."