Yadda labarin tallafi ya cinye mana tafki

Shekarun baya ne, wata Talata da ƙarfe biyar da rabi na yamma. Muna zaune a ƙofar gida a ƙauyenmu da ke bayan Argungu, ni da kawuna da wani abokina mai gyaran babur, rediyo na kunne. Kawuna shi ne sarkin ruwan ƙauyen. Duk shekara idan ruwan fadama ya ja baya yakan rufe tafkinmu, ba mai jefa ko ƙugiya sai kifi ya girma ya ba da izini. Tun ina yaro ban taɓa ganin an karya masa wannan doka ba. Shi ya sa tafkin yake da rai. Ga giyayya a baki, ga ciyawar burgu a ciki, tsuntsaye irin su kirinjijiya da dinya suna sauka, ga kuma wasu gauraka biyu da suke kwana a kan babbar giyayya.

Sai mai karanta labarai ya ce an samu tallafi don kare mazaunin kifi da tsuntsaye a wasu tafkunan yankinmu, ya ambaci namu. Na yi murna har na miƙe tsaye. Kawu bai motsa ba.

"Wa sunka tambaya?" in ji shi.

"Kawu, alheri ne fa."

"Na jiya. Wa sunka tambaya?"

Ni mutum ne mai son abu ya bi tsari. Na ce da farko in je Birnin Kebbi in ji bayani, sannan a tara jama'a, sannan kowa ya faɗi ra'ayinsa. Washegari na saka babbar riga na tafi. Na wuni a kan benci a ofishin, ana ce mini oga yana taro. Daga ƙarshe wani matashi mai kirki ya gaya mini cewa itatuwa za a dasa, a yashe mashigar ruwa, kuma ba za a hana kowa kamun kifi ba. Na fito ina jera jawabina a kai.

Ashe labari bai jira jawabina ba. Abokina ya je rumfarsa ta gyaran babur ya faɗi abin da ya ji a rediyo, ba daɗi ba ragi. Kafin ya kai kasuwa ya zama za a kewaye tafkin da waya. Kafin azahar an ce duk wanda aka kama da kifi ɗauri ne.

Na iso bayan la'asar na tarar da ƙauye a cikin ruwa, alhali Kawu bai buɗe tafkin ba. Maza da homa da gora, mata da kwanduna, wasu da gatari suna sarar giyayya wai kafin a hana itace. Ƙananan kifayen da ba su kai yatsa ba an watsar da su a gaɓa. Na tare wani maƙwabcinmu na ce, "Baba, ba waya, ba ɗauri! Daga ofishin nake."

Ya dube ni ya dubi rigata. "To Alhajin Birni, in ba waya mi za su yi da kuɗɗin? Bari mu kwashe namu. Ko tsuntsu ya fi mu ciki?"

Kawu yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, riƙe da sanda, yana kiran mutane da sunayen iyayensu. Kowa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da abin da yake yi.

Masu aikin sun zo bayan watanni, da allo mai hoton gauraka. Sun dasa itatuwa, wasu sun kama, kifi ma ya dawo a hankali. Amma Kawu bai sake rufe tafkin ba. Ya ce bakin da aka tsallake sau ɗaya ya gama aiki, ya miƙa wa ɗansa sarautar. Gaurakan kuwa ba mu sake ganinsu ba sai a jikin allo.

Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin ba mugun mutum a cikin labarin. An dai fara daga inda ya kamata a ƙare. Idan a cikinku akwai mai aiki a irin waɗannan ofisoshi, don Allah ku zo ku zauna a tabarma da mutane kafin ku tafi gidan rediyo. Kuma duk wanda ya ga gauraka tsakanin Argungu da Augie ya sanar da ni. Kawu ya tsufa, ba ya iya zuwa bakin ruwa, kuma duk zuwan da na yi sai ya tambaye ni.