Jirgin Katakon Da Na Zaɓa Da Ido

Edita, a ƙarshen shekarun tamanin ni direban bas ne a Landan, ina zaune a unguwar Catford da matata da 'yarmu ɗaya. A Yauri na tashi, a bakin kogin Kwara, tun ban iya karatu ba na iya tuƙa kwalekwale, kuma abin da ya ruɗe ni ke nan. Na sa wa raina sai na mallaki jirgin ruwa mai tafiya da iska, in shiga teku da shi, wata rana ma in kai iyalina har Legas.

Sabon jirgi ya fi ƙarfina, sai na nufi inda ake ajiye tsofaffin jirage a gaɓar teku ta yankin Essex. Wani dattijon Bature mai gyara ya nuna mini guda biyu, ɗaya na roba mai tauri, mummuna amma lafiyayye, ɗaya na katako, ya sha fenti sai ƙyalli yake. Ya ce in kira masani ya duba ƙasan na katakon kafin in saya. Na ce masa kakannina a ruwa suka rayu. Ya ɗaga kafaɗa ya koma aikinsa. Ni kuwa na saye na katakon ba tare da kowa ya duba ba.

Shekara uku jirgin nan yana cinye mini Asabar da Lahadi. In toshe nan, can ya buɗe. In kankare fenti, in tarar katakon ya ruɓe har yatsana na nutsewa. Matata ta gaji da zuwa suna da biki ita kaɗai, har ana tambayarta ko lafiya muke.

Ran da na ce ya gyaru, na matsa musu suka shiga. Ba mu yi awa biyu ba iska ta taso, wayar da ke riƙe da doguwar sandar jirgin ta tumɓuke daga ruɓaɓɓen katako, sandar ta faɗo, saura kaɗan ta sauka a kan yarinyar. Ruwa ya fara shigowa. Masu ceto ne suka ja mu zuwa gaɓa. Matata ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi daga yau in na ce na sani, za ta tambayi wani. Shekara bakwai ke nan, kuma haka take yi, ko a maganar hanya.

Har yanzu in na tuna, haushin kaina nake ji. Duk mai son tsohon jirgi, don Allah ya bar masani ya duba kafin ido ya ruɗe shi, kada kuma ya gwada taurin kansa da ran iyalinsa. Jirgin dai an farfasa shi an ƙone. Yardar gidana ce har yau ban gama gyarawa ba.