Abin da Katafila ta Tono a Bayan Ƙirya

Akwai wani irin shiru da ke sauka idan aka kashe babban inji da rana tsaka. Ban sani ba ko kun taɓa lura da shi. Mai niƙan unguwarmu a nan Badariya, cikin Birnin Kebbi, yakan kashe injinsa in azahar ta gabato, kunne ya ɗan yi ta ƙara shi kaɗai, sannan komai ya yi tsit, har kajin maƙwabta. Duk lokacin da haka ta faru sai in ga na ajiye abin da ke hannuna. Na haura arba'in, ina da 'ya'ya har da mai aure, amma wannan shirun yana mayar da ni 'yar shekara goma, ina tsaye a bakin wani rami a bayan garinmu.

Garin namu ƙarami ne, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Gabansa fadama ce, inda iyayenmu ke noman shinkafa suna kuma taɓa kamun kifi. Bayansa wani tudu ne na jan dutse wanda ba ya nomuwa, sai sabara da geza, da wata tsohuwar bishiyar ƙirya guda ɗaya tsaye a can ƙuryarsa. A gindin tudun akwai ɗan rami inda mai gini kan je da jaki ya ɗebo tsakuwa. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wurin a bakin komai.

Sai aka ba mu jiha. Birnin Kebbi ta zama babban birni, aka shiga gine-gine da fitar da hanyoyi, ana ta zancen gidajen da ake yi a unguwar Gesse. Duk wannan aiki yana son jar ƙasa, mu kuwa muna da ita. Wani ɗan kwangila ya kawo katafila da tifofi, cikin rani ɗaya ɗan ramin jakuna ya zama kwari. Mu yara abin ya burge mu. Mukan jera a gefen hanya muna ɗaga wa direbobi hannu, mu koma gida gashin idonmu ja.

A lokacin baffana, ƙanen mahaifina, shi ne kansilan mazaɓarmu. Shi ne na farko a gidanmu da ya yi boko, yana da babur da jakar takardu, kakata kuwa, uwarsu, tana ji da shi ko da yake ba ta faɗa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara mutane a ƙofar gidan maigari, mu da mata muna saurare ta bayan zana. Ya ce ɗan kwangila ya kai takarda ƙaramar hukuma yana neman izinin faɗaɗa ramin har ƙarshen tudu, kuma za a zauna a kai mako mai zuwa. Ya buɗe taswira ya nuna musu cewa wurin ba gona ba ne, ba burtali ba ne, ba na kowa ba ne. In garin bai yi gardama ba, za a haƙa mana rijiyar burtsatse, a sa kwalbati a mashigar da ke yanke mu da kasuwa duk damina. Maza suka yi ta sa masa albarka.

Da ya shigo gida cin tuwo, kakata tana zaune tana kaɗi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ramin ga naku, ina za shi tsayawa?"

"Har ƙarshen tudu, Inna."

"Ku tsaya ga ƙirya. Kada ku wuce ta."

Baffa ya yi dariya, ya ce, "Mi ag ga bayan ƙirya, Inna? In iskoki na, katafila ba ta tsoronsu."

Ta ci gaba da murza mazarinta. Ya sake tambaya, ta ce masa tuwonsa zai huce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Aka zauna a sakatariya, baffa ya ɗaga hannu tare da sauran, aka buga hatimi. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatan safiyo, masu awon ƙasa, suka zo suka kafa turaku masu jan fenti, layinsu ya wuce ƙiryar da nisa.

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi. A ɗakin kakata nake kwana, saboda haka ni na fara ganin canji. Mace ce mai son tsokanar jikoki, sai ta daina. Kullum da rana tsaka, daidai lokacin da katafila ke yin shiru ma'aikata su tafi cin abinci, sai ta ɗauki ƙwarya ta rufe da faifai ta fita ta ƙofar baya. Kowa na kwance a inuwa, ba mai tambaya. Takan dawo kafin kiran salla, ƙafafunta ja har idon sawu, ta shige ɗaki ta saki asabari. In ta fito wanke hannu, ruwan yakan kwarara ja a tsakar gida. Ɗakin ya koma warin ƙasar da aka tono daga can ƙarƙashi, wani wari mai sanyi da ban san shi ba. Sannan na lura da farin yadin da ta daɗe da ajiyewa a ƙasan akwati, wanda duk gidan an san likkafaninta ne. Kullum sai na ga zarensa a ƙasa, alamar an yage wani abu daga jikinsa.

Ran nan na bi ta. Na bar ta ta yi nisa, na bi sawunta ta cikin sabara har bakin ramin. Ban taɓa ganinsa daga wannan gefen ba. Zurfinsa ya fi tsawon mutum uku, zafi na tasowa daga ciki kamar an buɗe tanda. Katafilar tana tsaye ba kowa a kai, ƙarfenta na ɗan yin ƙas, ƙas, yana hucewa. Ban da wannan babu motsin komai, ko tsuntsu. A jikin bangon da aka yanka sabo, ƙasa da saiwoyin ƙiryar, na ga wasu tabo masu duhu a jere, dogaye da gajeru, tsakaninsu daidai wa daida, duk sun miƙe ta fuska ɗaya. Na daɗe ina kallonsu kafin na gane cewa ƙasa ba ta jera abu haka da kanta.

Kakata tana can ƙasa a durƙushe, tana tona tarin da katafila ta ture da yatsunta. In ta sami abu sai ta hure shi, ta share da gefen zane, ta sa a ƙwarya a hankali. Tana magana ƙasa-ƙasa, ba addu'a ba, irin muryar da ake lallashin yaro ya yarda a yi masa wanka. Ita kaɗai ce a cikin ramin nan, wannan na gani da idona. Ba ta waiwayo ba, amma sai na ji ta ce, "Koma gida, ɗiyata. Ki yi bisimilla, kada ki yi gudu." Na yi bisimillar, amma gudu na yi.

Washegari da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Direban katafilar ne. Bayerabe ne haifaffen Birnin Kebbi, ubansa na sayar da yadi a kasuwa, Hausarsa kuwa irin tamu ce sak. Ya ce tsohuwar gidan yake son gani. Baffa da mahaifina suka shigo da shi tsakar gida, ya durƙusa har ƙasa ya gai da kakata.

"Inna, ki gafarce ni," ya ce. "Ina ganinki kullum daga inda muka cin abinci. Ramin ga na da haɗari, bango na iya zubowa. Ke babba ta, ba ni hana ki. Amma yaran da ka bin ki, don Allah a tsare su gida."

Baffa ya dube ni. Direban ya girgiza kai.

"Ba wagga ba. Ita jiya ɗai na gan ta, kuma daga sama tat tsaya. Ƙananan nika nuhi, su huɗu ko biyar, da ka tahiya bayanta. Akwai wani ɗan mitsitsi da ka riƙe mata zane."

Uwata tana tankaɗe, hannunta ya tsaya a kan rariya. Kakata ta ce, "Ni ɗai nika zuwa, yaro."

Sai direban ya ce, a hankali, injinsa ya mutu sau uku a wuri ɗaya cikin makon nan, makanike bai ga komai ba. Ya ce ya ga ƙasusuwa a bakin katafila, ya faɗa wa shugaban aikin, aka ce masa na dabbobi ne.

Kakata ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da ƙunshi na farin ƙyalle ta ajiye a tabarma, ta koma ta fito da wani, ta sake komawa. Duk daga ƙarƙashin gadon da nake kwana a kai. Aka aika aka kirawo gwaggon mahaifina, ƙanwar marigayi kakanmu, wadda ita kaɗai ta rage a garin cikin tsararsu, aka riƙo ta da sanda. Ita ce ta yi bayani. Ta ce a shekarar da annobar agana ta shigo garin, kakata tana amarya da goyon fari, an ƙi kai masu cutar maƙabartar gari, aka riƙa binne su a bayan ƙirya, yawanci yara. Waɗanda suka yi haƙan duk sun mutu, ruwan shekaru ya shafe tudun kaburburan. A cikinsu akwai ɗan farin kakata, namiji, ya fara tafiya ke nan.

Mahaifina bai taɓa sanin yana da wa ba. A ranar muka gane dalilin da ya sa take kiran sunansa gatsau, abin da mata ke yi mata tsiya a kai, suna cewa ba ta kunyar ɗan fari. Ashe tana yi. Kunyar ce ta hana ta ambaton yaron yana raye, ta hana ta kuka a gaban mutane da ya mutu, ta kuma hana ta buɗe baki ta gaya wa ɗanta kansila abin da zai sa hannu a kai.

Baffa ya zauna a ƙasa da farar rigarsa. Ya ce, "Inna, da kin hwaɗa mani." Ya nuna ƙunsunan. "Wane na shi?"

Ta ce, "Ban sani ba. Shi as sa nik kwaso su duka."

Kafin magariba liman da mazan gari suka kai su maƙabarta, aka yi musu rami ɗaya. Da safe baffa ya hau babur ya nufi sakatariya. Abin bai zo da sauƙi ba. Aka ce masa babu maƙabarta a taswira, babu a fayil, kuma an riga an ba da izini. Ya kwashi maigari da liman da gwaggo a motar haya ya kai su suka yi shaida. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya zo ya leƙa ramin daga sama. Kusan mako uku ana wannan, tifofi ba su fasa ba ko yini ɗaya, sai dai direba ne aka canza, domin na farkon ya ajiye makulli bai sake dawowa ba. Daga ƙarshe aka sake zama, aka yanke cewa a bar ƙiryar da abin da ya rage kewaye da ita, a ci gaba da sauran.

Haka aka yi. Masu kwangila suka cinye tudun ta kowane gefe suka bar wani dogon gungume na jar ƙasa a tsakiyar ramin, ƙiryar a samansa, saiwoyinta na reto a iska. Babu hanyar hawa. Duk wanda ke kwance a can, ba mai iya kai masa ziyara. An haƙa rijiyar burtsatsen, ruwanta mai daɗi, mun sha. Kakata dai har ta rasu bayan damina biyu, daga tsohuwar rijiya ake ɗebo mata. Baffa ya sayo mata sabon farin yadi a Argungu, ta karɓa ta auna da kamu ta sa a akwati. Bai sake neman wata kujera ba.

Bara na je gida. Ramin ya zama tafki, yara na iyo a ciki, wasu har da ƙugiya. Ƙiryar ta bushe a tsaye, gungumen kuwa ruwa na cin gindinsa kaɗan-kaɗan. Na tambayi wani yaro mene ne wancan, ya ce tsibiri ne. A gefen hanya na ga sababbin turaku masu jan fenti sun nufi wani tudun, kuma waɗanda za su zauna a kan takardar izinin haƙa shi yanzu sa'o'in ƙannena ne. Ban ce mugaye ba ne, baffana ma ba mugu ba ne. Abin da aka faɗa musu shi za su rubuta, tsofaffin da suka san abin da ba a faɗa ba kuwa sun ƙare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lodin da aka kwashe kafin kakata ta fara zuwa, da wanda aka kwashe cikin makonnin kwamiti. Ba wanda ya san inda aka juye su. Wataƙila ƙarƙashin wani ofis, wataƙila harsashin gidan wani, wataƙila hanyar da nake bi zuwa kasuwa. Shi ya sa in na taka tsohuwar hanya a garin nan, inda kwalta ta ɓare jar ƙasa ta fito, nakan yi sallama a hankali, irin wadda ake yi in an shiga maƙabarta. Kwanan baya autata ta ji ni. Ta duba gaba, ta duba baya, ba kowa.

"Mama, wa kike gaisarwa?"

Na ce mata, "'Yan garinmu ne."