Baba Iliya da Sunayen Kakannina

Ranar Talata da hantsi, ina tsaye a bakin sito a Al Warsan, nan Dubai, ana loda kwantena mai tafiya Kano, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce wadda ban sani ba. Na so in share, don a irin wannan lokaci masu kaya ne ke damun mutum da tambayar inda kayansu ya kwana, amma dai na ɗauka. Muryar mace ce, a sanyaye.

"Kawu Nasiru ne?"

Na ce ni ne.

"Saratu ce, 'yar Baba Iliya. Baba ya rasu jiya da yamma. Hawan jini ne ya kayar da shi a gona, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mama ce ta ce in gaya maka."

Ban san lokacin da na zauna a kan kwalin wani bawan Allah ba. Na yi salati, na sake yi. Shekara uku ke nan rabon da in yi wa Baba Iliya magana, kuma ni na yanke maganar, ba shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka abin da zan rubuta a kansa ba yabo kaɗai ba ne. Na zalunci wannan mutum, kuma ya mutu ban nemi gafararsa ba.

Shekara shida muka yi tare a gida ɗaya a Al Muraqqabat, mu biyar, huɗu Musulmi sai shi. Kamfanin jigilar kaya ɗaya muke yi wa aiki, shi ne mai kula da sito. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, shi ya sa muke ce masa Baba. Daga wani ɗan ƙaramin gari ya fito can bayan Kafanchan, garin da kasuwarsa ke ci sau ɗaya a mako. Hausarsa kuwa ta fi ta wasu Kanawan da na sani daɗi.

Ranar da ya tare muka ɗauka irin Kiristocin da muka saba da su ne, sai muka kawo masa karak, shayin nan mai madara da kayan ƙamshi, don yi masa maraba. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ajiye. Ya ce shi ɗan Mormon ne, addininsu ya hana su shayi da gahawa da taba, balle giya. A Dubai, inda mutum ke shan karak sau biyar kafin azahar! Muka yi ta tsokanarsa, muna cewa mun samu Kiristan da ya fi ustazu tsauri. Shi dai murmushi yake yi, ya dafa ruwan citta ya zauna cikinmu da kofinsa. Wata rana na ce masa, "Haba Baba, shayi fa? Wane zunubi ne a cikin shayi?" Ya ce, "Ɗan Kano, in ka yi wa Allah alkawari, ba ka tsayawa auna girman abin."

Jikinsa ne kawai a Dubai, ransa yana garinsu. Kowace Litinin bayan isha'i sai ya jingina waya da tukunya a kicin, ya kira gida ta bidiyo. Matarsa Rifkatu da 'ya'yansu biyar su jeru a tabarma. Su yi waƙa, ɗaya daga cikin yaran ya karanta wani abu, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya: wa ya yi faɗa da wa, wa ya ƙi ɗebo ruwa, akuyar da ta haihu 'ya'ya nawa ta bayar. Ya ce al'adarsu ce, yammacin Litinin na iyali ne, ko sarki bai isa ya karɓe shi ba. A shekara shida ban ga ya fasa ba, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Ni da nake yin mako biyu ban kira gidana ba sai kunya ta kama ni.

Daga irin wannan hirar na san garinsu kamar na taɓa zuwa. Ba su da ginin coci a can, a falon gidansa suke taruwa, mutum goma sha ɗaya har da jarirai. Maƙwabtansa Kiristoci suna cewa ya bar hanya, Musulmin garin kuma ba su san inda za su ajiye shi ba. A shagon mai shayi ana kiransa "Fasto Ruwan Zafi". Amma shekarar da aka yi rikici hanya ta toshe, masarar da ya saba ajiyewa a rumbu saboda ɓacin rana ita unguwar ta ci, da masu yi masa dariya da masu zaginsa. Ba daga bakinsa na ji wannan ba, wani ɗan garinsu ne ya faɗa mini. Shi abin da ya taɓa ce mini kawai shi ne, "A ƙaramin gari ba a wa'azi da baki, don kowa ya san abin da ka yi jiya."

Lahadin farko ta kowane wata yakan yi azumi, abin da zai ci ranar kuma ya bayar ga mabukata. In watan Ramadan ya kama, shi ke riga mu dawowa gida ya tuƙa tuwon shinkafa, ya kaɗa miyar kuka da daddawar da matarsa ke aiko masa. Ba ya cin komai a gabanmu sai an kira magariba.

A shekara ta biyar mahaifina, Malam Habu, ya rasu a Kano. Fasfo ɗina yana hannun kamfani ana sabunta biza, kuma da asuba mahaifin nawa ya cika, kafin azahar an binne shi. Ban ga gawarsa ba, ban ɗauki makararsa ba. Na zauna makoki a falonmu kamar maraya na gaske, mutane su shigo su yi addu'a su koma bakin aikinsu. Baba Iliya ne ya ɗauki hutun kwana uku ya zauna da ni. A rana ta biyu ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango wanda yake rubuta sunayen kakanninsa a ciki. Na sha ganinsa da shi, don kowane hutu sai ya zagaya ƙauyukansu yana tambayar tsofaffi. Ya buɗe sabon shafi ya ce, "Gaya mini sunan mahaifin Malam Habu."

Na faɗa. Ya ce na kakansa fa? Ban sani ba. Ya sa na kira Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina. Tsohuwar nan ta bar kuka ta shiga lissafo mutane, har da wani kakanmu mai rini da ban taɓa jin labarinsa ba. Kafin la'asar mun kai kaka na shida. Baba Iliya ya sake rubutawa da kyau a farar takarda ya miƙa mini. Ranar na fara cin abinci. Na manna takardar a bango, saman gadona.

Bayan wata uku wani ɗan kasuwa ya sauka a wurinmu, Alhaji Garba, mai sayen yadi a Bur Dubai yana kaiwa Kano. Ya ga takardar ya tambayi wanda ya rubuta. Da na gaya masa sai ya dafe kai.

"La'ilaha illallahu! Habibi, khalas, an gama da kai. Ba ka san mutanen nan suna yi wa matattu baftisma ba? Suna kawai suke buƙata. Wani ya shiga ruwa a madadin mamacin, shi ke nan. Wallahi yanzu haka Malam Habu ɗan coci ne a littafinsu."

Mahaifina almajirin ilimi ne da ya tsufa a kan buzu. Na ji kamar da hannuna na tono shi na miƙa. Ban yi bincike ba, ban kwana da maganar ba. Ranar Lahadi ce, Baba Iliya ya dawo daga ibada da farar riga da laktaye, ko takalmi bai cire ba na tare shi a bakin ƙofa, a gaban kowa.

"Gaskiya ne kuna yi wa matattu baftisma?"

"Gaskiya ne. Muna yi wa kakanninmu a haikali. Mun yi imani an ba su zaɓi ne, su karɓa ko su ƙi."

"To, ubana fa?"

"Ban kai sunansa ko'ina ba, Nasiru. Ƙa'idarmu ta hana in kai wanda ba nawa ba sai da izinin danginsa. Ban tambaye ka ba, don na san amsar."

"To don me ka rubuta?"

"Na ga kana kuka kamar ba ka da kowa. Na so ka ga yawan mutanen da ke bayanka."

Da a nan na tsaya da na tsira. Amma idon Alhaji Garba yana kaina, kuma fushi ya riga ya hau. Na ce masa maƙaryaci, na ce masa munafuki, na ce tuwon da yake tuƙa mana ma tarko ne. Na shiga ɗakinsa na ɗauko littafin na yage shafin, garin yagewa har na haɗa da na kakanninsa guda biyu. Dattijon nan ya durƙusa yana tsince takardun a ƙasa. Bai ce mini komai ba sai, "Allah ya huci zuciyarka."

Wata huɗu muka ƙara a gida ɗaya ban amsa gaisuwarsa ba. Da kwantiraginsa ya ƙare ya ce ya gaji da ganin 'ya'yansa a waya, zai koma gona. Sauran suka raka shi filin jirgi, ni na ce ina da aiki. Daga baya na bincika, na gano ƙa'idar da ya faɗa haka take. Kowace Sallah saƙonsa yana shigowa: barka da Sallah, a gaida iyali. Sau shida. Ina karantawa, in ce sai na samu natsuwa zan kira shi mu yi magana sosai. Girman kai ne kawai, ba wata natsuwa.

Kwana biyu bayan binne shi na yi ƙarfin hali na kira gidan. Saratu ta ɗauka, na yi mata gaisuwa, sannan na tambaye ta ko Babanta ya taɓa ambaton abin da ya shiga tsakaninmu. Ta ce ya faɗa musu sau ɗaya, bai sake ba.

"Ya ce mana matattunku naku ne, ba mu da hurumi a kansu. Amma mai rai kowa yana iya yi masa addu'a. Kullum sai ya sa sunanka da na Anti matarka da yara."

Na ce ta ba ni Mama. Rifkatu ta karɓa, muryarta ta dushe. Na ce, "Mama, na yi wa Baba laifi. Don Allah ku yafe mini."

Ta ce, "Malam Nasiru, ba ni ka yi wa ba. Ni ba na riƙe da kai. Amma ba zan ɓoye maka ba, mijina ya jira wayarka. In waya ta yi ƙara da lambar Dubai har sauri yake yi. Wanda zai ce maka ya yafe ya tafi."

Gaskiya ta faɗa, kuma na gode mata da ba ta rufe ni da daɗin baki ba. Da-na-sani ƙeya ce.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tsayar da wani malaminmu na tambaye shi ko zan iya roƙa wa Baba Iliya gafara yadda muke yi wa namu. Ya ce in yi wa iyalinsa ta'aziyya, in kyautata musu iyakar iyawata, in faɗi alherinsa, hukuncinsa kuma in bar wa Allah. Ban yi musu ba. Amma a hanyar komawa gida na gane abin da dattijon nan ya ɗauka a ransa. Ga mutum kana ƙaunarsa, ga abin da ka yi imani shi ne mafi girman alherin da za ka yi wa mamaci, kuma dole ka naɗe hannunka. Shi ya naɗe nasa saboda girmama ni da mahaifina, sakayyar da na yi masa ita ce zagi a gaban baƙo.

Don haka nake shaida a gaban duk wanda ya karanta wannan, Musulmi ne ko Kirista: Baba Iliya bai ci amanata ba. Bai yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya. Ni ne na yi masa ƙazafi, kuma tunda a gaban mutane na yi, a gaban mutane nake janyewa.

Ya Allah, Kai Ka halicci Iliya, Ka fi ni sanin abin da ke zuciyarsa. Na bar shi a hannunKa, Kai ne Mai rahama, kuma ba Ka zaluntar kowa. Ka ba Rifkatu haƙurin wannan rashi, Ka sanyaya mata zuciya. Ka raya Saratu da ƙannenta huɗu, Ka tsare su daga wulaƙanci, Ka sa albarka a gonar da ya bar musu, kada gidan nan ya watse a bayansa. Ni kuma, ya Ubangiji, na san haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Ranar da za Ka tsayar da mu biyu a gabanKa, Ka ba ni bakin faɗin abin da na kasa faɗa a shekara uku, Ka kuma sa ya saurare ni.