Shamuwar Iya

A Yako na tashi, a gidan da ba ya rabo da hayaƙin kara da magariba. Da an ci tuwo, kakata Iya takan jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu, mu kuma yaran unguwa mu zagaye ta. Muryarta ba ta da ƙarfi, dole ka kama bakinka in kana son ka ji. Babana shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ko zancensa aka ɗauko sai ta hau gyaran wuta. Shi kuwa da an gama girbi yake tafiya ci-rani Ikko, sai damina ta kusa mu gan shi.

Ina aji huɗu Malam Hadi maƙwabcinmu, wanda yake aiki a madatsar ruwa ta Tiga, ya sayo talabijin da ɗan janareta. Ranar Juma'a da yamma ake nuna wani wasan barkwanci na mutanenmu da suka tafi neman abinci babban birni. Jarumin wani dogon mutum ne mai ɗaki ɗaya tal. Duk baƙon da ya sauka daga mota da ƙullin kayansa sai ya jawo shi ɗakin, har wuri ya cika, shi mai ɗakin ya ƙare da kwana a bakin ƙofa ana tsallake shi. Mukan yi dariya har da riƙe ciki.

Kowa da abin da yake cewa a kan wasan. Matan bakin rijiya suka ce Dogo sakarai ne. Malam Hadi ya ce tonon asiri ne, an nuna mu kamar marasa gida, amma fa bai taɓa kashe talabijin ɗin ba. Telan unguwarmu ya rantse gaskiya ce tsagwaronta. Ana cikin haka wani ɗan ajinmu, Sabi'u, ya nuna ni ya ce, "Hanne, ai babanki ke nan!" Daga ranar na zama 'Yar Mai Kwanan Ƙofa. Sunan ya bi ni makaranta, ya bi ni rijiya. Abin ya ci raina ƙwarai, har na gaya wa Iya cikin kuka cewa ba zan ƙara fita ba.

Ba ta lallashe ni ba. Juma'ar da ta zagayo ta yafa mayafi, ta dogara sandarta, ta je gidan Malam Hadi ta zauna a tabarma. Tun daga farko har ƙarshe ko murmushi ba ta yi ba. Da ta miƙe sai ta ce, "Yara, gobe akwai gasasshen dankali a murhuna." Kashegari ko ɗaya bai yi fashi ba, Sabi'u ma shi ne a gaba.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata," in ji Iya.

Muka ce, "Ta ƙaraso mu ji."

Wai a wani gari akwai shamuwa da take sheƙa a kan tsamiyar kasuwa. Rani na kamawa sai ta tashi ta yi kudu, ba ta dawowa sai da ruwan shuka. Kajin garin suka sa ta gaba: ga ƙafafu kamar kara, ga yawon banza, wai an ce a can ma a tsaye take kwana don ta bar wa wasu tsuntsayen reshenta. Nan Iya ta maƙale murya tana kwaikwayon kaza, muka kwashe da dariya. Shamuwa ta ji zafi, wata shekara ta ƙi dawowa. Manoma suka ɗaga kai ba su ga alama ba, suka bi yayyafin ƙarya suka shuka, iri ya ƙone a ƙasa. Babu hatsi, babu tsaba. Kaji suka rame har iska na ture su. Da ƙyar aka samu tsuntsayen da ta taɓa bar wa reshe suka je suka ba ta haƙuri. Ranar da ta sauka a tsamiya, a ranar hadari ya haɗo.

Maimakon ta rufe tatsuniyar, sai Iya ta ɓare dankali ta miƙa wa Sabi'u.

"Kai, da yayanka ya je Ikko bara, ina ya sauka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗakin baban Hanne."

"Ke fa Lami, kawunki?"

"Can ne, Iya."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da wuya gidan da ba shi da wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a ɗakin nan. Iya ta karkaɗe zaninta ta ce, "To, ni dai labarin tsuntsuwa na ba ku. Na ɗaure ta a nan."

Wallahi ji na yi kamar na ƙara tsawo. Juma'ar gaba ni ce a sahun farko. Da Dogo ya shimfiɗa buhunsa a bakin ƙofa, yara suka ɓarke da tafi, har Malam Hadi ya ce shi dama ya san mutumin kirki ne. Ba su daina kirana da sunan ba, amma daga ranar da ƙarfi nake amsawa.

Yanzu ina aikin jinya a Fatakwal. Kwanan baya aka sako guntayen wasan a waya, musun nan yana nan yadda na bar shi: wasu na cewa cin fuska ne, wasu na cewa tarihinmu ne. Ni kuwa sai da na girma na gane cewa a wannan maraicen ba ni kaɗai Iya ta tsaya wa ba. Kirari ta yi wa ɗanta a gaban unguwa, ba tare da ta karya kunyar ɗan fari ba.

Bayan rasuwarta na ba Baba labarin, don yana Ikko aka yi abin, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni, "Ita da bakinta ta faɗi haka?" Na ce ƙwarai. Sai tsohon nan ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa, ya ɗaga murya yana kiran mahaifiyata daga ɗaki.

"Fito ki ji! Ashe Iya ta yabe ni!"