Gonar da na gina wa yayana a cikin kwamfuta

Shekarun baya, a daminar da na gama karatu a Bici na dawo ƙauyenmu ina jiran aikin da bai zo ba, yayana ya yi hatsarin babur a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa. Aka kai shi asibiti a Kano, ya yi kusan wata guda, aka dawo mana da shi a kwance. Likita ya ce lakarsa ce ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, ko da allura aka soka masa.

Shi ne manomin gidanmu tun bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya riƙe gona, ya ce ni in je in yi boko, kuma tun daga lokacin ya laƙaba min Malam don tsokana. Mutum ne mai surutu, idan yana dariya a gona har a burtali ana jiyo shi. Amma da aka kwantar da shi a ɗakinsa, sai ya juya fuskarsa bango. Mahaifiyata ta yi magana, matarsa ta yi, 'yan dubiya su cika ɗaki su watse, iyakacin abin da za ka ji daga bakinsa shi ne "Alhamdulillahi," shi ma ciki-ciki.

Maƙwabta sun yi mana gayya sun yi noman fari tun yana asibiti. Saura maimai, wato noma na biyu. Mahaifiyata ta kira ni ta ce, "To, gona ta dawo hannunka." Na ce, "In sha Allahu, Inna." Ni da rabona da fartanya tun ina aji uku na sakandare.

Abin da na iya kuwa shi ne kwamfuta. Ina da wata tsohuwa ta hannu, irin ta ɗorawa a cinya, wadda nake kaiwa shagon caji kullum da safe. Wani abokina na makaranta ya taɓa nuna min wata duniya ta intanet, inda ake ba ka ɗan mutum-mutumi ka riƙa yawo da shi, a ba ka fili ka gina abin da ka ga dama. A duk gidanmu babu inda sabis yake kamawa da kyau sai bakin tagar ɗakin yayana. Don haka a nan nake wuni. 'Yan dubiya suna ta sa min albarka, wai ba na barin ɗan'uwana shi kaɗai. Ni kuwa in sunkuyar da kai in amsa da amin, ban taɓa gaya wa kowa sabis nake bi ba.

Wata rana bayan azahar ina cikin yawo da ɗan mutumin nawa, sai na ji murya a bayana.

"Malam, wannan ɗan banzan ina za shi yake sauri haka?"

Na juya. Yayana ne ya ɗago kai yana kallon kwamfutar. Rabon da ya haɗa kalmomi haka tun kafin hatsarin. Na ce, "Yaya, ba shi da wurin zuwa, yawo kawai yake."

"To ai kai ne ke nan," in ji shi. Ya yi wata 'yar dariya gajeriya. Matarsa da ke tsakar gida ta saki abin da ke hannunta ta leƙo da gudu, ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi.

Ranar na yanke shawarar zan gina masa gonarmu a ciki. Na ɗora masa kwamfutar a kan filo, shi yana faɗa ni ina dannawa. "Kukar tana gabas da tsohuwar rijiya, ba yamma ba. Gawon nan matsar da shi, ya shiga gonar mutane. Kai, kunya a karkace? Ko makaho ba ya huɗa haka." Ya fara cin abinci. Ya fara tambaya ko an dawo da kwamfuta daga caji. Mahaifiyata ba ta fahimci abin da muke yi ba, amma ta daina yi min maganar maimai.

Matsalar ita ce kwamfutar ba ta da ƙarfi. Idan ka tsaya a bakin gonar, taku kaɗan kake iya hangowa, daga nan sai wani fari fat kamar an rataya zane. Bishiya ba ta bayyana sai ka kusa cin karo da ita. Rana kuma wata iri ce mai sanyi, ba irin tamu ba. Yayana ya ce, "Ni idan na tsaya a gindin kuka ina hango hasumiyar masallacin ƙauyen gaba. Wannan gonar taka a cikin buhu take."

Na kira abokin nan nawa na yi masa ƙorafi. Ya ce akwai wani ɓoyayyen saiti da ba a nuna wa kowa, sai ka danna wasu madannai huɗu lokaci guda sannan ya fito. Ya ce, "Amma ka bi a hankali. Kafin ka canja lamba ka rubuta ta asali a takarda." Na danna, sai ga wani dogon jeri, ɗaruruwan sunaye da Turanci a manne da juna, kowanne da lamba a gefensa, ga gargaɗi a sama cewa in ka ɓata ruwanka.

A nan na nutse. Na sayi littafin rubutu musamman don lambobi. Na gano wadda ke ƙara nisan hange, na ɗaga ta, kwamfutar ta ɗau zafi har tana huci, hoto yana tsayawa cak. Sai na koyi rage wani abu don in samu wani. Na kashe inuwar ƙananan abubuwa, na kashe ƙyallin ruwa, na ɓoye duk baƙin da ke ratsowa ta filin da tufafinsu na ban mamaki, har hange ya kai inda na dasa wata 'yar hasumiya. Na kwana uku a kan launin rana kaɗai, ina ƙara ja ina rage shuɗi, sai da yayana ya ce, "Tsaya nan. Wannan hantsi ne bayan an kwana ana ruwa." Na daskarar da ranar a wurin, ta daina faɗuwa.

Cikin alfahari na gayyaci abokina ya shigo ya gani. Ya shigo daga inda yake, ya zaga, ya kira ni ya ce, "Ni fa wasu koren sanduna nake gani da farin sama." Na ce ba zai yiwu ba. Ya yi dariya ya ce, "Ai duk abin da ka gyara a cikin kwamfutarka ya tsaya. Filin yana nan yadda yake, idonka kawai ka canja." Na ji haushi, amma na ce ba komai, dama ba don shi na yi ba.

Abu ɗaya ya rage da ke damun yayana. Ya ce ya gaji da kallon ƙeyar ɗan mutumin, kamar mai bin wani a baya. Na shiga jerin na nemo yadda ake sa kallo ya koma cikin idonsa, na daidaita tsayin da na yayana, don ya fi ni tsawo. Na samu wata lamba da ke sa hoton ya riƙa ɗan rausaya kamar yadda kan mutum yake yi in yana tafiya. Sannan na ga wani saiti da ke sa ka ga jikinka idan ka sunkuya. Na kunna shi ina murna, ina ganin na gama aiki.

Da hantsi na kai masa. Na ɗora yatsansa a kan madannin tafiya na ce, "Yaya, yau kai za ka shiga da kanka."

Ya danna. Gero ya riƙa wucewa ta hagu da dama, kukar tana matsowa, hoton yana rausaya a hankali. Na ga fuskarsa ta saki, har leɓensa yana motsi kamar mai ƙirga kunyoyi. Sai na ce masa, don in nuna gwaninta, "Kalli ƙasa ka gani." Na ja masa kallon ƙasa.

Ƙafafu ne guda biyu, suna takawa ɗaya bayan ɗaya a kan kunya.

Bai ɗaga yatsansa ba. Ya daɗe yana kallonsu suna tafiya, har ɗan mutumin ya kai iyakar filin ya tokare, ƙafafun suna ta motsi a wuri ɗaya. Sannan ya ce, "Rufe."

"Yaya, bari in..."

"Malam, don Allah rufe."

Ya juya bango. Da la'asar matarsa ta fito da kwanon abincinsa yadda ta shiga da shi.

Ku da kuke karanta wannan kun riga kun gane abin da ya faru. Ni ban gane ba. Na ɗauka saiti ne ya ɓaci. Na koma na kashe ganin jiki, na kashe rausayar, na mayar da lambobi na asali daga littafina ɗaya bayan ɗaya, na sake canja su. Kullum in zo in ce, "Yaya, na gyara, babu ƙafafun yanzu." Ko juyowa ba ya yi. Sati guda na yi ina wannan wauta, sai ran nan ya ce, fuskarsa tana bango, "Ka bar gyara min hoto. Je ka gona ka dubo, ka zo ka gaya min abin da ka gani."

Na tafi. Rabona da ita ya fi wata. Gonakin maƙwabta na hagu da dama tas suke, gero ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ya fara fitar da kai. Tamu kuwa sai da na tsaya na tabbatar ita ce. Ciyawa ta kai min ƙugu. Geron ya tsaya siriri, ya yi ɗorawa-ɗorawa, ciyawar wuta-wuta ta fito ta yi fure a gindin dawa, waken da aka shuka a tsakani ko ganinsa ba a yi. Wani dattijo maƙwabcinmu yana wucewa da fartanya a kafaɗa, ya ce, "Sannu Malam, an leƙo?" Ya wuce abinsa. Da ma zagina ya yi.

Na dawo na tsaya a bakin gadonsa. Ya ce, "Yaya gonar?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya. Sai ɗan abin da ba a rasa ba."

Ya juyo ya dube ni, ba a fuska ba, a wando. Ya miƙa hannu ya cire ƙarangiya guda ɗaya daga wajen cinyata, ya riƙe ta a tsakanin yatsunsa yana juyawa. Wandon nawa cike yake da ita. Ya ce, "Har nan ta kai?" Na sunkuya ina tsince sauran daga wandon. Ya ce, "Ba a yi maimai ba ke nan." Babu faɗa a muryarsa, kamar mai ba da labarin gonar wani.

Can ya ce, "Ka aro amalanke, ku shimfiɗa min katifa, ka kai ni in gani da idona."

Na ce to, gobe. Kashegari na ce hadari ya haɗo. Rana ta gaba na ce shanun mai amalanken sun tafi aiki. Gaskiyar ita ce so nake in nome ta tukuna kafin ya gani. Na fara fita da fartanya, hannuna ya yi bororo ya fashe, in wuni ina fama ban gama kunya biyar ba, kuma lokacin ma ya riga ya wuce. Sau uku ya tambaye ni maganar amalanken. Daga na ukun bai sake ba.

Kwanciya ta buɗe masa ciwo a baya, ciwon ya ƙi warkewa, zazzaɓi ya biyo. Aka mayar da shi asibiti, kwana shida Allah ya karɓi abinsa, ana tsakiyar girbin gero. Mota ce ta kawo shi gida, ta bi ta titin da ke nesa da gonar. Abin da muka samu a shekarar bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Da matarsa ta gama takaba ta koma gidansu a wajen Bagwai da 'ya'yansu biyu. Mahaifiyata ba ta taɓa ɗora min laifi ba, ta ce kwanansa ne ya ƙare, kuma na san haka ne. Kwamfutar kuwa na bayar da ita, ban sake shiga filin ba, ban ma san ko yana nan ba.

Mutane kan ce min ai na kyauta, na sa shi dariya a lokacin da kowa ya kasa. Ina jin su, wani lokacin ma ina so in yarda. Amma na san abin da na yi. Na zaɓi aikin da na iya, wanda ba ya sa gumi kuma ake yaba min a kansa, na bar wanda aka ba ni. Da ya nemi abu ɗaya tak da bakinsa, kunyata na duba, ban duba shi ba. Manomi ne, ya sha ganin gona ta lalace, ba abin da zai gani ya ba shi tsoro. Ni ne ba na so a gan ni.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare kusa da mu, kuma ni nake noma gonar, ba da wata gwaninta ba. Shekara ta biyu bayan rasuwarsa na aro amalanke zan kai taki. Na hau, shanu suka ja, muka bi burtali. Ban gama gyara zama a kan buhunan ba sai ga mu a bakin gonar. Na sauka na tsaya riƙe da igiya, na kasa sauke ko buhu ɗaya. Ashe iyakar tafiyar ke nan.