Ruwan Tekun Inna

Tun ina Kamaru na san akwai abin da ake ɓoye mini. Duk sanda na kira ƙanwata na ce ta ba Inna waya mu ga juna kamar yadda muka saba, sai ta ce tana barci, ko tana salla. Barci da hantsi? Matar da ko zazzaɓi ba ya kwantar da ita da rana! Na san halin mutanenmu sarai. Ba a faɗa wa matafiyi mugun labari, sai a yi ta ce masa jiki da sauƙi har ya iso ya tarar da tabarmin makoki a ƙofar gida.

Watanni na yi a kan babur, Chadi, Kamaru, har Gabon. Da zan tafi Inna ta yi faɗanta ta gaji, sannan ta ce tunda na ƙi ji, in ɗauko mata hoton teku, ita ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba. Na ɗauka a waya, na kuma ciko mata 'yar gorar roba da ruwan don tsokana.

A Mamudo na tsaya na sake kira. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ka dai taho a hankali." Na daka mata tsawa, na ce ta faɗa mini gaskiya ko Inna na da rai. Ta ce wallahi tana nan. Ban yarda ba. Daga nan zuwa garinmu Potiskum gudu kawai nake yi, wata tirela ta kusa shafe ni, direban ya leƙo ya zage ni, ko ramawa ban yi ba, ni da ba na barin bashin zagi.

Da na shiga unguwarmu Dogo Tebo ƙofar gidanmu kawai nake hange. Ba tabarma, ba jama'a, sai akuyar maƙwabta. Na kashe babur, na shiga gida da sallama.

Inna na zaune a tsakar gida. Ta amsa sallamata da fara'a, amma fuskarta wajen randa take kallo, ni kuwa ina gefen zaure.

"Tun daga kwana na ji kukan abin nan naka," in ji ta. "Matso in taɓa ka."

Na durƙusa, ta lalubo fuskata da hannu biyu ta ce na rame. Ƙanwata ta raɗa mini cewa idon ya tafi tun tsakiyar damina, an je asibiti ba a dace ba. Na juya zan hau ta da faɗa, Inna ta riƙe mini riga.

"Ni na hana. Ko muryata ka ji sai ka gane, ka yi ta gudu a titi. Ina tekun nawa?"

Wayar na hannuna, har na buɗe hoton. Na mayar da ita aljihu na miƙa mata gorar. Ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Gishiri ne ashe. Duk wannan tafiya saboda ruwan da ba a sha?"

Tana dariya, ni kuwa kuka nake yi. Ta ce in zauna in faɗa mata girman tekun.